Uwargida, Kin San Shekarun Motar Nan Kuwa? Yadda Ake Gane Zubi Da Ainihin Launin Babbar Mota

Da za a shimfiɗa miki turmin atamfa biyu masu zane iri ɗaya a kasuwar Tudun Wada, a ce ɗaya Super ce ɗaya kwaikwayo, ba za ki yi minti biyu ba kin raba gardama. Za ki murza ta a hannu, ki juya bayanta, ki ɗaga ta a hasken rana, sannan ki karanta rubutun da ke bakin zanen. Amma da zarar an ce mota, sai yawancinmu mu ja baya, mu ce wannan sha'anin maza ne. In aka tambaye mu wace iri ce ta tsaya a ƙofar gida, amsar ba ta wuce "wata baƙar jif ce, ƙatuwa."

To ita ma mota tana da nata rubutun bakin zane. Kamfanin da ya ƙera ta ya rubuta shekararta da launinta na asali a jikinta, a wuraren da ba sai an ɗauko sufana ko an shiga ƙarƙashi ba. Ido da fitilar wayar da ke hannunki sun wadatar.

Wurare uku ne wannan sani ke yi miki rana. Na farko, ranar da maigida ko ke kanki za ku zuba kuɗin giratuti, ko na gado, ko adashin shekaru, a kan mota. Na biyu, ranar da wani ya fara fakawa a ƙofar gida yana sallama da 'yarki. Na uku kuwa, Allah Ya kiyaye, ranar da mota ta buge yaro ta gudu, ko ta ɗauki wanda bai kamata ta ɗauka ba, aka ce wa ya gani.

Mene ne zubi?

Iyayenmu da suka tashi a zamanin Fijo 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975, ba su sha wannan wahalar ba. Fijo Fijo ce, ko daga nesa ka hango ta ka san ta. Yanzu kuwa ki tsaya a bakin titi tsakanin Ƙofar Doka da Agoro da yamma, za ki ga mota biyar masu suna ɗaya sun wuce, ba wadda ta yi kama da 'yar'uwarta.

Dalili shi ne, kamfanonin mota kan sake ƙirar mota gaba ɗaya bayan 'yan shekaru, galibi biyar zuwa takwas, amma su bar mata sunanta. Kowace sabuwar ƙira ita muke kira zubi. A tsakiyar rayuwar zubi kuma sukan yi mata ɗan kwaskwarima: a sauya fitilu da bamba, jikin yana nan yadda yake.

Kin ma san wasu zubin ba tare da kin lura ba, domin 'yan Nijeriya sun raɗa musu laƙabi. Marsandin da ake kira V-Boot zubi ce guda, ta tsakiyar shekarun 1980 zuwa tsakiyar 1990. Camry Big Daddy ita ce ta 2002 zuwa 2006, Muscle kuma ta 2007 zuwa 2011. Honda End of Discussion ta 2003 zuwa 2005 ce, Discussion Continues ta biyo ta a 2006 da 2007, sannan Anaconda daga 2008 zuwa 2012. Sunan kamfani bai canza ba, amma kowace da kuɗinta, kowace da kayan gyaranta.

Fuskar aro

Abin da ya sa lamarin ya rikice shi ne aikin da dillalai ke kira afgired. Ana shigo da bamba, fitilu, bonet da tambarin sabon zubi, a ɗaura wa tsohuwar mota, a fesa mata fenti, ta fito kamar amarya. Aikin kansa ba laifi ba ne. Mutum na da ikon yi wa motarsa kwalliya, kuma dillali mai gaskiya zai ce miki, "Hajiya, 2010 ce, an mayar da fuskarta 2018." Ɓarnar tana zuwa ne in aka ɓoye, aka karɓi kuɗin sabuwa a kan tsohuwa. Bambancin kan kai miliyoyi. Ga shi kuma injin da giya da duk abin da ke ƙarƙashi suna nan da shekarunsu, ba su san an yi kwalliya ba.

Sai dai kayan aro ba ya rufe katara. Fuska da baya ake iya sauyawa cikin sauƙi. Gefen mota, da tsarin rufinta, da cikinta, su ne ke tona asiri. Ga manyan motocin da aka fi yi wa wannan aiki:

Lexus RX 350. Zubin 2010 zuwa 2015 shi aka fi mayarwa kamar na 2016 zuwa 2022. Kada ki tsaya a gabanta, ki koma gefe. A zubin 2016, baƙin gilashin gefe yana zarcewa siriri har ya haɗe da gilashin baya, sai rufin ya zama kamar yana lilo a sama. A tsohon zubi kuwa, ƙarfe mai launin motar ne ya sauko daga rufi ya raba gilasan biyu.

Marsandi ML da GLE. Asali mota ɗaya ce. Kamfanin ne ya yi wa ML ta 2012 zuwa 2015 kwaskwarima, ya sauya mata suna zuwa GLE daga zubin 2016. Shi ya sa mayar da ML ta koma GLE ba ya wuya. Ki leƙa ciki: allon ML a nutse yake cikin gaban motar, na GLE kuwa a tsaye yake kamar an jingina ƙaramin allon hannu. Wasu kan sauya allon ma, don haka kada ki tsaya a nan kaɗai.

Land Cruiser. Zubin da ake kira 200 ya daɗe, daga 2007 har 2021, an kuma sauya masa fuska a 2012 da 2015. Don haka ta 2008 na iya sanye da fuskar 2016, har ma da ta sabon zubi, wato 300, wanda ya fito a 2021. A nan abu biyu za ki duba. Ƙofar but ta yawancin 200 biyu ce, ɗaya ta yi sama ɗaya ta yi ƙasa, ta 300 kuwa guda ce mai ɗagawa sama. Sannan ba a taɓa yin 300 da injin V8 ba. In an buɗe bonet aka ga V8, magana ta ƙare. Haka abin yake tsakanin Lexus LX 570 da LX 600.

Range Rover. Zubin 2013 ya samu kwaskwarima a 2018, inda aka sa masa allo biyu a ciki, ɗaya saman ɗaya. Sabon zubi na 2022 kuwa, hannun ƙofarsa a shafe yake da jiki, sai an buɗe makulli yake turowa waje.

Ba sai kin haddace duk wannan ba. Ki riƙe ƙa'ida ɗaya: gefe da ciki sun fi fuska gaskiya. Akwai kuma shaidar da ta fi su duka.

Harafi na goma

Kowace mota tana da lambar shasi, wadda a takardu za ki ga an rubuta VIN. Haruffa ne da lambobi guda 17, kuma tun 1981 ake bin wannan tsari. Ki tsaya a waje ta ɓangaren direba, ki duba can ƙasan gilashin gaba, za ki gan ta a wata 'yar taga. Ki buɗe ƙofar direba, za ki sake ganin ta a takardar da aka manna a jikin ginshiƙin ƙofa. Ki ɗauki hoton duka biyun.

Yanzu ki ƙirga daga hagu har ki kai na goma. A motocin da aka yi domin kasuwar Amurka da Kanada, inda tokumbo da yawa ke fitowa, wannan gurbin shi ne shekarar motar:

Lamba 1 zuwa 9 na nufin 2001 zuwa 2009.
A 2010, B 2011, C 2012, D 2013, E 2014.
F 2015, G 2016, H 2017, J 2018, K 2019.
L 2020, M 2021, N 2022, P 2023, R 2024.

Ki lura an tsallake I da O da Q. Ba a sa su ko'ina a lambar shasi, don kada su rikice da 1 da 0. Ke nan in dillali ya rantse miki cewa RX ɗin nan 2018 ce, kika ƙirga kika tarar da B, to 2011 ce ta sha kwalliya.

Harafin farko kuma yana nuna inda motar ta fito: J Japan, W Jamus, S Ingila, 2 Kanada, sai 1 da 4 da 5 Amurka. Kada ki yi mamaki in kin ga Lexus RX ta fara da 2, domin ana ƙera ta a Kanada, ko ML ta fara da 4, domin a jihar Alabama ta Amurka aka riƙa yin ta.

Marsandin da aka yi domin kasuwar Turai ba ta bin ƙa'idar harafi na goma. A tata lambar, gurbi na huɗu zuwa na shida ne ke faɗin zubi. In kin ga 204, C-Class ce ta 2007 zuwa 2014. In 205 ne, wadda ta biyo bayanta ce.

Takardar jikin ƙofa kan nuna wata da shekarar da aka ƙera motar. In kin ga watan Satumba na 2015 alhali harafi na goma G ne, ba ha'inci ba ne. Kamfanoni kan fara ƙera motar shekara mai zuwa tun kafin shekarar ta kama. Abin da zai sa ki ja da baya shi ne lambar gilashi ta saɓa da ta ƙofa, ko ta saɓa da ta takardu, ko ki ga alamar an ɓanɓare takardar an sake mannawa. A nan ba ciniki, sai sallama.

Wani ƙarin shaida: ki jawo bel ɗin kujera, ki duba ɗan ƙyallen da aka ɗinka a gindinsa. A motoci da yawa akwai shekarar da aka yi shi, kuma ba kasafai masu kwalliya ke tunawa da shi ba.

Fari ba ɗaya ba ne

Ke da kika san bambancin ruwan madara da ruwan ƙwai a shadda, ba sai an yi miki dogon bayani ba. Kamfanin mota ba ya cewa fari ko baƙi kawai, kowane launi da lambarsa.

A Toyota da Lexus, ki koma kan takardar nan ta jikin ƙofa, ki nemi inda aka rubuta C/TR. Lambobi ko haruffa uku na farko da ke biye su ne launin. A Toyota, 040 fari ne sol, 070 fari mai ƙyallin lu'ulu'u, 202 baƙi, 1F7 ruwan azurfa. A Lexus, 077 da 085 duka farare ne masu ƙyalli amma ba iri ɗaya ba, 212 kuma baƙi. A Marsandi lambar tana jikin ginshiƙin ƙofa ko ƙarƙashin bonet: 197 baƙi ne mai ƙyalli, 775 ruwan azurfa. Ga abin dariya, 040 da ke nufin fari a Toyota, a Marsandi baƙi ne wuluk. Don haka in za ki bincika a intanet, ki haɗa lambar da sunan kamfanin.

Amfanin wannan lamba biyu ne. In yaro ya karce motar da keke, ita za a kai wa mai haɗa fenti ya haɗa daidai, maimakon a yi ta kintace a ƙare da ƙofa mai launi dabam. Fari mai ƙyalli ma hawa uku ake fesa shi, shi ya sa gyaransa ya fi tsada, ya kuma fi wuyar dacewa. Ki san da wannan tun kafin ki zaɓe shi. Amfani na biyu, lambar ce za ta gaya miki ko launin da kike gani shi ne wanda motar ta zo da shi.

In ana son gane sabon fenti, ga yadda ake yi:

Ki je ganin mota da rana tsaka, a fili, tana bushe. Magariba, da fitilun wurin sayarwa, da jiƙaƙƙen jiki, duk suna ɓoye aibi.

Ki tsuguna a kusurwa ki kalli gefen motar a karkace. Fentin kamfani yana tafiya bai ɗaya daga gaba har baya. In wata ƙofa ta fi sauran duhu, ko fatarta ta yi gurji-gurji fiye da maƙwabciyarta kamar ɓawon lemo, an taɓa ta.

Ki ɗaga robar bakin ƙofa da ta gilashi da farce. Mai fenti kan bar feshi a kan roba, ko ya bar tsohon launi a ƙarƙashinta.

Ki duba cikin murfin tankin mai, da ƙasan shimfiɗar but, da gefen injin. Nan ne launin asali ke ɓuya. Yanzu kuma akwai masu lulluɓe mota da leda mai launi maimakon fenti, ita ma bakin ƙofa ne ke nuna ta.

Ki naɗe ɗan maganaɗisu a ƙyalle ki bi jikin motar da shi. Inda ya ƙi kamawa alhali ya kama kusa da wurin, akwai cikon foti mai kauri, wato an taɓa bugewa. Amma bamba roba ce, ba ya kama ta. Range Rover daga 2013 kuma jikinta na alminiyam ne, ba zai kama ko'ina ba.

Sake fenti kaɗai ba abin tsoro ba ne. Ranar Zariya da ƙurar hunturu sun isa su kashe kowane launi. Tambayar ita ce, me ya sa aka sake, kuma me ya sa ba a faɗa ba? Canza launi gaba ɗaya ma ba laifi ba ne, matuƙar an sanar da hukuma an gyara takardu. Motar da takarda ta ce ruwan azurfa ido kuma ya ce baƙa, kowane shingen 'yan sanda tsakanin Zariya da Kaduna sai an sha tambayoyi. Wani lokacin ma abin ya wuce tambaya, domin sauya launi na cikin dabarun ɓatar da sawun motar sata.

Abin da fenti ke rufewa

Tokumbo da yawa daga gwanjon motocin inshora na Amurka ake sayo su, irin su Copart da IAA. Wasu ɗan bugu ne kawai, an gyara sun koma lafiya. Wasu kuwa sun yi mummunan haɗari, ko ambaliya ta shanye su. Guguwar Harvey da ta auka wa birnin Houston a 2017 kaɗai ta lalata motoci dubu ɗaruruwa. Motar da ruwa ya ci takan yi kyau a ido, sai an yi 'yan watanni wayoyinta su fara tsatsa, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe ta mutu a tsakiyar titi da yara a ciki.

Ki rubuta lambar shasin nan a Google. Sau da yawa hotunan motar na ranar gwanjo kan fito, ki gan ta yadda take kafin a yi mata wanka. Hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka, NHTSA, tana da shafin da ke fassara lambar kyauta, ya faɗi shekara da irin injin. Carfax kuma na kuɗi ne, yana ba da tarihin haɗari da nisan tafiyar da aka rubuta. A jikin motar kuwa, ki shinshina ciki, ki haska ƙarƙashin kujeru ki nemi tsatsa, ki ɗaga safayar taya ki ga ko akwai busasshen taɓo, ki jawo bel har ƙarshe ki ga ko akwai zanen ruwa.

Takardu su ne cikamakin. Lambar shasin da ke takardar kwastam da ta rajista dole ta zama ita ce a jikin mota, harafi da harafi. Tun 2022 hukumar kwastam ke amfani da wannan lamba wajen ƙiyasta harajin motocin da ake shigowa da su, motar da ba a biya mata ba kuwa ana iya ƙwace ta a hanya ko da ke ce ta uku da kika saya. Kuma a je da makaniken gida, wanda ku kuka biya shi, ba wanda dillali ya kawo ba. Cinikin biri a sama, wato a turo hoto ta WhatsApp a ce a aiko da kuɗi, ya jefa gidaje da yawa cikin da-na-sani.

Motar da ke zuwa zance

Mu zo kan maganar da ta fi taɓa zuciyar uwa. Ƙatuwar mota ta fara tsayawa a layinku bayan la'asar, yaran unguwa na zagaye ta, maƙwabta sun fara yi miki barka tun ba a kai ko'ina ba.

Mota ba ta faɗin halin mutum, ba ta ma faɗin arzikinsa. Ana haya, ana aro. Direba kan fito da ta maigidansa, makanike da ta mai gyara, dillali da wadda aka ba shi ya sayar. Duk waɗannan sana'o'i ne na mutunci, kuma da yawa daga masu su mazan kirki ne. Saurayin da ya zo a kan babur ya faɗi gaskiyarsa ya fi wanda ya zo a LX 570 ya ce tasa ce alhali ba tasa ba.

Don haka abin da sanin mota zai amfana miki a nan shi ne auna magana. Ya ce wa yarinya sabuwa fil ya fitar da ita bana, ke kuma kin ga zubin shekara goma ne da fuskar aro? Yau fara gobe baƙa, kowace ya ce tasa ce? Kullum ba lamba a jiki? Waɗannan ba hujjar yanke hukunci ba ne, amma sun isa ki ce wa mahaifinta ko kawunnanta a tsananta bincike: ina yake aiki, su wa ye iyayensa, wa ya san shi a masallacin unguwarsu. Wanda ya yi ƙarya a kan ƙarfe, sai a duba sauran maganganunsa. Ita ma 'yar taki ki zaunar da ita ki nuna mata yadda ake yi wa tsohuwar mota fuska. Yarinyar da ta san haka, ƙyalli ba ya saurin ɗauke mata ido.

In an ce wa ya gani

"Baƙar jif" ba ta kai ɗan sanda ko'ina, domin irinta sun fi a ƙirga tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari kaɗai. Ga abin da ake so mai shaida ya riƙe, bi da bi: lamba, tambari, siffa, launi, wata alama ta dabam, da inda ta nufa.

Lambar mota a tsarin yanzu haruffa uku ne, lambobi uku, sai haruffa biyu. Ukun farko na ƙaramar hukumar da aka yi rajista ne: ZAR Zariya, DKA Kaduna ta Arewa, MKA Kaduna ta Kudu, ABJ Abaji ta Abuja, KJA Ikeja ta Legas. Ko su kaɗai kika kama, kin rage aiki. Launin rubutun ma magana ne: shuɗi motar gida, ja ta haya, kore ta gwamnati. Hukumar kiyaye haɗurra, FRSC, tana da shafin tantance lamba a intanet, inda ake ganin ko tana da rajista da irin motar da aka ba wa ita.

Tambari kuwa wasan yara ne. Tauraro mai ƙafa uku cikin zobe Marsandi, harafin L cikin zobe Lexus, zobe huɗu a sarƙe Audi, shuɗi da fari cikin baƙin zobe BMW. In kuna cikin Keke Napep za ku kasuwa ko kuna rakiyar Islamiyya, ki mayar da shi gasa: wa zai riga faɗin tambarin waccan, wa zai karanto haruffa ukun farko? Cikin mako biyu za su fi ki iyawa. A nan ne kuma za ki cusa musu cewa kyan mota ba ya sa a shige ta, ko da mai ita ya kira sunan babansu.

A yi hattara da launi da dare. Shuɗi mai duhu, kore mai duhu da ruwan hanta duk baƙi suke komawa. Ruwan azurfa da ruwan gwal kan rikice a ƙarƙashin fitilar titi, ƙurar hunturu kuma kan mayar da baƙa ruwan toka. In ba ki tabbatar ba, ki ce "mai duhu ce" ko "mai haske ce." Alama ta dabam ta fi launi amfani: fasasshiyar fitila, lotsattsen bamba, rubutu a gilashin baya, baƙin gilashi.

Ki rubuta abin da kika gani a wayarki nan take, ko ki naɗi muryarki, kafin surutun jama'a ya gauraya miki tunani. Sannan a kira 112, lambar gaggawa ta ƙasa, ko 122 ta FRSC in haɗari ne, ko a sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa da jami'an KASTLEA da ke bakin titi. Kada a bi mota da gudu.

Abu na ƙarshe a nan yana da nauyi. Kada ki ɗauki hoton motar da kike zargi ki watsa a zaurukan WhatsApp da sunan ta masu satar yara ce. Farar RX ba ɗaya ba ce a gari. An sha rasa rayukan bayin Allah a ƙasar nan saboda ihun da aka yi a kan kama. Sanin zubi da launi yana taimakawa a kama mai laifi, yana kuma kare marar laifin da tsautsayi ya sa motarsa ta yi kama da wata. Bayani na hukuma ne, ba na taron jama'a ba.

Gwaji na yau

Ki fara da motar da ke kusa da ke, ta gida ko ta wani ɗan'uwa da ya ba ki izini. Ki ɗauki hoton lambar shasi, ki ƙirga harafi na goma, ki nemo lambar launi, ki gwada su da abin da ke cikin takardu. In motar gidanku ce, ki adana hotunan nan tare da na lambarta da na gefenta a wayarki, ki tura wa maigida. Ranar da aka wayi gari ba a gan ta ba, Allah Ya tsare, su ne farkon abin da za a tambaye ku.

In kin gwada, ki gaya mana a ƙasa wane harafi kika tarar, kuma ko ya yi daidai da shekarar da aka faɗa muku ranar saye. Sai dai kada ki rubuto cikakkiyar lambar shasi ko lambar motar, harafin kawai ya isa. Allah Ya ba mu abin hawa mai albarka, Ya tsare mana zuri'a a hanya da gida.